Oga Ba Ya Ɗaukar Buhu

To Yaya, tunda ka ce gobe za ku haɗa kwamfutocin ofis ɗinku da rumbun bayanan waje, tsaya ka ji wannan tukuna. Ba tsawo gare shi ba.

Wani mutum ne, mai kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoma. Irinmu ne, ba a aji ya koya ba, a waya ya koya da kwance-kwancen tsofaffin injina, kuma wallahi hannunsa na da kyau. Amma duk rayuwarsa da kwamfuta guda ɗaya ya saba. Sai ƙungiyar ta girma, aka kawo guda bakwai aka haɗa su wuri ɗaya. Ɗaya ita ce oga, ita ake wa magana, ita ke raba aiki. Sauran shidan su ne masu ɗaukar nauyin, kowacce da nata kason. To sunayen manoman da za a raba wa irin gero da na dawa ba a ofis suke ba, suna can wani rumbun bayanai a wani gari, sai an jawo su. Masu rumbun suka turo masa kalmar sirri. Ya zauna ya saka ta a oga, ya gwada daga nan, ƙofa ta buɗe tsaf. Ya ce shi ke nan, an gama.

Ranar Litinin aka yi ruwan farko, ruwan shuka sosai, ƙasa ta jiƙa har ƙanshi. Motoci huɗu suka faka a bakin sito suna jiran takardar sunaye, don ba a fitar da buhu sai an san na wane ƙauye ne. Mutuminka ya danna a jawo sunayen. Jan rubutu: an hana shiga. Ya sake. An hana. Ya koma ya gwada kalmar a oga, ta buɗe lafiya lau. Kai, ka san irin wannan abin da ke sa mutum ya fara zargin idonsa? Ya ce netwok ne, ya canza wayar da ke haɗa oga da intanet. Ya ce wayar ce, ya canza wata. Ya kira masu rumbun ya yi musu faɗa, suka ce daga wajensu komai ƙalau. Talata ta wuce. Laraba ta zo. Direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, duk wanda ya gan shi sai ya ce, “Injiniya, yaya dai?” Ita kuwa shugabar ƙungiyar ta daina ma tambaya, sai dai ta leƙo, ta kalli bayansa, ta ja ƙofa. Wannan ya fi masa ciwo. Ga ƙasa tana shan iska, kowace rana danshin na raguwa.

Da azahar ɗin Laraba ya fito, wuya ya ƙage, ido ya yi ja, ya zauna a benci kusa da ƙofar sito, ba don komai ba, don ya daina ganin jan rubutun nan. Sai ya tarar da rigima. Shugaban 'yan dako ya zo da mutanensa, yana ta kaɗa takardar izini a fuskar Baba maigadi, wai ai an ba shi, a bar yaransa su shige. Tsohon ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Kai na san ka, shiga abinka. Amma kai kake ɗaukar buhun? Oga ba ya ɗaukar buhu. Waɗanda za su ɗauka, kowa ya nuna min tasa.”

Mutuminka na jin haka sai ya dafe kai.

Ashe kwana uku oga kaɗai yake gwadawa. Ita tana da kalmar, shi ya sa kullum take buɗewa. Amma in aikin gaske ya zo, ba ita ke zuwa rumbun ba, shidan nan take turawa, su kuma ba wadda ya ba ko harafi ɗaya. Suna isa ƙofa ana koro su. Ya koma ciki, ya kwafa kalmar ya saka wa kowacce, ɗaya bayan ɗaya, ya kashe su ya kunna. Shayin da ya bari a tebur bai gama hucewa ba sunaye suka fara zubowa. Ko murna bai iya yi ba, wallahi. Zama kawai ya yi yana kallo.

Motoci sun tashi da la'asar. Ƙauyukan kusa sun samu sun yi shuka a sauran danshin. Na nesa kuwa, kafin iri ya isa ƙasa ta bushe, sai da suka jira ruwa na biyu, kwana goma sha ɗaya. Kuma ba wai bai iya aikin ba ne fa, ya iya, amma na kwamfuta ɗaya ya iya, shi ya ɗaure shi.

Don haka gobe in ka saka wa babbar kalmar sirrin, kar ka tashi sai ka bi ƙananan duka. Hausawa sun riga sun faɗa: ƙaramin sani ƙuƙumi ne.