Mai Zanen Poumpoumré

Alhaji Na-Dela ya sauka daga babur a unguwar Poumpoumré, ya tsaya yana gyara hular da ba abin da ya same ta. Ga ƙofar gidan nan, shuɗiya, a buɗe. Ya sha wucewa ta gabanta, bai taɓa shiga ba. Yau kam ba fashi, don an ce gobe ’yar mai gidan za ta ɗauke uban zuwa Yaoundé. Ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma irin wannan tafiya ba a sa mata ranar dawowa.

Mai gidan shi ne Zaharaddin Sharif, tsohon ma’aikacin gidan waya da ya yi ritaya ya kama zane. Duk mai sayen goro a rumfar Alhaji a babbar kasuwar Garoua ya san labarinsa, ko yana so ko ba ya so.

“Abokin karatuna ne,” haka Alhaji ke cewa. “Rana ɗaya muka tafi lekol, makarantar boko, hannuna cikin nasa.”

Daga nan fa sai abin da ya manta. Zai ba ka labarin malamin ajin, Mushe Alain mai bulala, da layin ƙeyoyin yara aske ƙwal, da yadda Zaharaddin ke sunkuyawa kusa da taga yana zana shanu a allo ana tsakiyar lissafi. Zai gaya maka shekarar da ya ci jarrabawa ya tafi makarantar kwana, da lokacin da aka tura shi Tibati ya yi aure a can, da zamansa a Bogo, da rasuwar matarsa. Duk a bakin direbobin goro ya tsinci waɗannan. Shi da kansa ko gaisuwa bai taɓa aikawa ba. In ka tambaye shi dalili, sai ya hau yayyafa wa goro ruwa.

Gaskiyar magana, Alhaji kaɗaici ne ya ishe shi. Uwar ’ya’yansa ta rasu, ’ya’yan suna Douala, wayarsu sai da Sallah. Waɗanda suka san shi yana yawo ba wando duk ya raka su maƙabarta. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san ƙuruciyarsa, shi ne na bayan wannan ƙofa. Ko zai gane shi? In ma ya gane shi, ko zai so ganinsa? Tsoron amsar ne ya riƙe masa ƙafa shekara da shekaru.

Ya yi sallama. Fauziya, ’yar mai gidan, ta fito hannunta duk ƙurar ɗaurin kaya. Ta gaishe shi da Fulatanci, da ta ji ya amsa da Hausa ta koma Hausa.

“Baba, wa za a ce?”

Ya buɗe baki, ya rufe. “Ki ce wani tsoho ne, abokin karatu.”

Ta ce uban yana barci, ya ɗan jira a ɗakin zane. Ɗakin warin fenti yake, ga hotuna jingine bango da bango. Ga gadar Binuwai da yamma, ga masunta a Mbakaou suna jan koma, ga garken shanu fal. Sai kuma wata mace tana daka, ta juya baya. Ya gan ta a hoto na farko, ya sake ganinta a na gaba, har ya daina ƙirga. Ko’ina baya ta juya.

“Kakarmu ce,” in ji Fauziya. “Babanmu ya ce yana ƙarami aka raba su, fuskarta ta ɓace masa. In ya zo kan fuskar sai ya aje burushi, ranar ko abinci ba ya ci.”

Alhaji kuwa fuskar tana nan a idonsa sarai, har da wushiryar.

Ya nuna wani rubutu a ƙasan hoton, ya ce ta karanta masa, ya baro tabarau a gida.

“Sa hannunsa ne kawai, Baba. Zaharaddin Sharif.”

Ya ɗago kai firgigit kamar an taɓa shi a kafaɗa. Daidai nan aka yi tari a ciki, Fauziya ta ce uban ya farka.

Mutumin yana kwance a kan katifa, ya rame sai idanu, akwai ragowar koren fenti a farcensa. Alhaji ya durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara. Duk gaisuwar da ya tanado a hanya ta gudu. Mara lafiyan ya daɗe yana dubansa, har Alhaji ya fid da rai ya soma laluben takalmi. Sai hannu mai sanyi ya kama nasa.

“Zaharaddin,” in ji mara lafiyan. “Sai yau?”

Fauziya ta matso, tana zaton zafin ciwo ne ya sa uban kiran sunan kansa. Amma baƙon ne ta ga yana kuka, gemu sharkaf.

“Sai yau, Hamidu.”

Rabon kowannensu da a kira shi da sunansa na yanka tun safiyar da dogarai suka zo ɗibar yara zuwa lekol, attajiri Sharif ya ce ɗansa ba zai yi karatun Nasara ba, ya miƙa Hamidu, ɗan mai yi musu daka, a madadinsa, da suna da komai, nasa ɗan kuwa, Alhaji na yanzu, ya raka shi har bakin aji ya tsaya a taga yana leƙe.