Sulallan Gadon Tirlok

Ranar Talata Tirlok ya gano cewa marigayiya matarsa ɓarauniya ce.

Ya kai wa Banwari dillali sulallan da ya gada, irin waɗanda ake bugawa don ajiya, masu ƙyallin madubi. So yake ya sayar, ya bar unguwar jahilan nan masu gaishe shi kamar sarki.

Banwari ya duba, ya tuntsire da dariya.

"Malam, waɗannan ai canjin mai shayi ne. Da tsamiya aka goge su."

"Jaki kawai! Na mahaifina ne."

Banwari ya ciro wani sulen rupi, kuɗin Indiya, mai ɗaukar ido daga aljihun tebur.

"Ga na mahaifinka. A bikin 'yata Yaya Sawitri, matarka, ta ɗora shi kan gudummawa, rupin albarka. Duk gidan da aka yi biki akwai ɗaya. Cewa take kai ka aiko, kunya ce ta hana ka zuwa."

Tirlok kuwa duk zatonsa iliminsa suke girmamawa.

Ya koma gida, ya tsaya gaban hotonta, ya zage ta tas. Magana ɗaya ce ta maƙale masa, kamar lokacin tana raye: na gode.