Kwalbar da Ba a Girgizawa

Direban ne da kansa ya ƙyafta wa jami'in kwastan ido a bakin iyaka. Tun daga birnin Novi Sad fasinjarsa take rungume da akwati a cinya, ta hana shi gudu, ta hana shi ɗumama mota. Mai gaskiya ba ya haka.

"Buɗe mana, 'yar'uwa," in ji jami'in.

Da ta buɗe, ya zaro wata siririyar kwalba, ya ɗaga. Ruwa ne garau.

"Yallaɓai, ƙwayar furotin ce a ciki, ƙanƙanuwa kamar gishiri," ta ce. "Shekara biyu ina rainonta. Gobe za a haska ta da niyutron a ɗakin bincike a ga tsarinta, ko a dace da magani. Motsi kaɗan ta fashe."

"Kakana ma magani yake kiran giyarsa," jami'in ya yi dariya. Ya gyara riƙo zai girgiza, yadda ake gwada giyar gida a ga kumfarta.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauke numfashi, ta tara tafukanta a ƙarƙashin kwalbar, kamar mahaukaci ne ya ɗauki jaririnta.

Direban bai san lokacin da ya damƙe hannun jami'in ba.

"Yallaɓai," ya ce a hankali, "ajiye ta tukuna, sannan ka ɗaure ni."