Kwaɗo a Saman Bene

Auta ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ba komai sai tsumma da tsohon gwangwani. Kukan kuwa da kunnenta ta ji shi: kirr, kirr, gajere, kamar an ja farce a haƙoran mataji.

Ta san mai wannan kuka. 'Yar masunci ce, a bakin kogi ta yi wayo. Ɗan kwaɗo ne da bai wuce kan babban yatsa ba, launin laka, da farin zane daga hanci har gadon baya. Cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yake zama, inda ruwa ke lasar gaɓa. Masunta kan sa shi a ƙugiya. Babanta yakan tsuguna a gaɓa shi kaɗai, ya dawo da gora cike da su, bai kuma taɓa gaya wa kowa dabararsa ba.

Irin wannan kwaɗo, in fatarsa ta bushe, ya mutu. Nan kuwa saman bene ne, siminti sama, siminti ƙasa.

"Kwaɗo a bene?" in ji mijinta. "Da tsani ya hau? Ke dai kin daɗe ba ki ga waje ba, Auta."

Bai yi ƙarya ba. Tun da aka kawo Baba da shanyewar jiki ba ta taka matakala ba. Likita ya ce magana ta tafi, da wuya ma in yana gane mutane. Sai ta juya shi, ta goge masa jiki, ta ɗura masa abinci, ta janyo ƙofa ta koma bakin aikinta.

Ranar da mijin ya ji kukan da kansa, ya kira mai gyaran famfo. Mutumin ya ƙwanƙwasa bututu, ya kasa kunne.

"Ko mene ne a ciki, uwar gida, gobe zan zo da ruwan da ke narkar da gashi ma. Ba zai sake damunki ba."

"Ai bai dame ni ba."

"Ni ya dame ni," in ji mijin.

Ya rage mata yini guda ta samo shi. Ta jera kwanonin ruwa a kowane lungu, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a gindin bango. Kwaɗo bai fito ba. Kukan dai ya ci gaba, ya soma dusashewa, kuma ta ɓangaren ɗakin Baba yake fitowa.

Tana tura ƙofa, tsit. Ta duba ƙarƙashin gado, ta ɗaga tabarma, ta zazzage takalman da Baba ya daina sawa. Shi kuwa yana kwance, idonsa na bin ta.

"Baba, da kana da baki, da ka gaya mini inda yake ɓuya."

Ta fita. Ba ta kai kicin ba aka sake: kirr, kirr.

Halin wannan kwaɗo ke nan, da ya ji taku sai ya haɗiye muryarsa. Ba a kama shi da bi, sai da laɓe. Ta tuɓe takalmi, ta bar ƙofar a buɗe, ta rarrafo ta raɓe a bayan kan gado. Ta tsuguna kamar kututture. Ƙafa ta yi tsami, ba ta motsa ba. Sauro ya sauka a wuyanta, ta ƙyale shi.

Can sai kukan ya tashi, dab da kunnenta. Ta ɗago a hankali.

Maƙogwaron Baba ne ke kumbura yana saki, idonsa kafe a kan ƙofar da ta fita.