Maiƙon Fanke a Yatsuna

Wata ranar kasuwa a Tanout, ina yaro, da la'asar, Inna ta dama fura ta miƙo mini ƙwarya. Na ture, na ce na ƙoshi. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta sunsuna yatsuna, duk maiƙon fanken bakin tasha.

"Ɗan nan," ta ce, "wannan man ba ya ƙosar da yaro, kumbura shi yake yi."

Dariya na yi.

Yau ɗana ko gudu ya yi sai haki. Maƙwabta suna yaba ƙibarsa, wai hutu ne. Ni kuwa na sani, ni nake sayo masa soye-soye kullum. Jiya na sunsuna yatsunsa, duk maiƙo.