Inuwar Sallau Tana Hanya

Jama'ata, ku matso ku sha labari!

Tunda sabon jirgin nan ya zo, daga Guwanzu ta ƙasar Sin zuwa Kano minti shida ne, amma inuwar mutum sai ta ci awa sha biyar kafin ta iso. Da Sallau ya dawo a jirgin, ya ƙi zaman jiran tasa, don ranar sunan 'yarsa ce.

Yana tsayawa cikin rana a tsakar gida, Goggo Kande ta kalli ƙasa, ta janye jaririyar.

"Ina inuwarka? Ba na miƙa wa aljani jikata!"

"Haba Goggo! Tana tafe, yanzu ta wuce Masar!"

"To in ta iso ku shigo tare."

A ƙofar gidansa ya wuni yana huci, yana shaƙar ƙamshin ragonsa. Ku fa, ya za ku yi da Goggo?