Abin da Wayarta Ta Riƙe

Wayata ta lalace, sai na ari ta 'yata don in tambayi manhajar nan mai hira maganin ciwon gwiwa. Ashe ba ta mantuwa, kuma ta ɗauka 'yata ce.

Ta rubuto: "Gwiwar Baba ce kuma? Kin faɗa masa kin bar karatun jinya? Wata biyar kina cewa gobe."

Na rubuta: "Me ya hana ni faɗa masa?"

"Kin ce hawan jininsa ba zai ɗauka ba, gara ki riƙa sa farar riga kina fita."

'Yata ta leƙo. "Baba, ka gama? Zan makara fa."

Na miƙa mata. "Yaya karatu, uwata?"

"Lafiya lau, Baba."

Na ce, "Allah ya taimaka."